Jitar Lantarki a Ɗakin Ɗalibi: Yadda Za Ka Zaɓa, Yadda Za Ka Koya

A garin nan na Katsina, idan aka ga matashi rataye da jita, hasashe biyu ake yi: ko ɗan coci ne, ko kuma yaro ne da finafinan Turawa suka juya wa kai. Kunnenmu ya saba da kalangun Shata, da gurmi da garaya, sai kuma kiɗan fiyano na waƙoƙin fim da ke tashi a kowane shagon cajin waya. Duk da haka, tambayar da aka fi yi mani a hostal da bakin ajin lakca ita ce: "Nawa ka sayi abin nan, kuma ni ma zan iya koya?" Ni ɗalibin ajin ƙarshe ne a sashen injiniyan lantarki, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan ina kaɗa jita don jin daɗin kaina. Ban kai gwani ba, amma na san abin da ya kamata ɗalibi ya duba kafin ya zuba kuɗin da ya sha wahalar tarawa. Magana ɗaya nake so ka riƙe: jitar da ta dace da kai ita ce wadda ta yi daidai da hannunka, da wutar unguwarku, da iskar Katsina. Sunan da ke rubuce a kanta shi ne na ƙarshe a lissafi.

Maƙwabtanmu sun riga mu

Da ka wuce Jibiya ka shiga Nijar, labarin jita ya canza. A Agadas ita ce kiɗan biki, kamar yadda kalangu yake a wurinmu. Buzaye sun ɗauke ta sun mayar da ita tasu. Ƙungiyar Tinariwen, wadda Buzayen Mali suka kafa, ta ci kyautar Grammy a 2012. Jagoranta, Ibrahim Ag Alhabib, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Bombino na Agadas ya kewaye duniya da tasa. Mdou Moctar, wanda bahago ne, shi ma da wayar birkin keke ya fara, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya riƙa yawo daga waya zuwa waya ta memori da bulutut kafin Turawa su ji labarinsa. Ga 'yan'uwa mata kuma akwai Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, wadda ta koyi kiɗa da jitar ɗan'uwanta har ta kai ga jagorantar ƙungiya. A nan gida, marigayi Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da ƙungiyar makaɗa masu jita, iyayenmu na tuna su a talabijin.

Na kawo waɗannan ne don abu biyu. Na farko, kayan kiɗa mai tsirkiya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: muna da molo, garaya, gurmi, goge da kukuma, kuma Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya yi suna har ya rasu a 2015. Na biyu, mutanen da suka fi kowa iya jita a yankinmu ba da kaya masu tsada suka fara ba.

Yadda abin yake aiki

Jitar lantarki katako ce curarre, ba ta da ramin da ke ƙara sauti kamar ƙoƙon garaya. Idan ka kaɗa ta ba a jona ba, wanda ke ɗaki na gaba ba zai ji ba. Sirrin yana ƙarƙashin tsirkiyoyi, a wani ɗan abu da ake kira fikof: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe idan ta yi rawa a samansa, sai ta motsa filin maganaɗisun, motsin ya haifar da 'yar ƙaramar wuta a cikin naɗin wayar. Wannan wutar ce ke bi ta kebul zuwa amfilifaya, a ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar da ita a matsayin sauti. 'Yan sashenmu sun riga sun gane: dokar nan ce ta Michael Faraday ta 1831 da muke haddacewa don jarrabawa, ita ce dai ke juya janareto.

Fikof iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya, siriri, wanda sautinsa ke fita tas da kaifi; shi ne a jikin Fender Stratocaster da ta fito a 1954, irin wadda Mdou Moctar ke kaɗawa. Aibinsa shi ne yana kwasar gunjin wutar gida, wani "zuuu" da ke ƙaruwa idan kana kusa da tiransifoma ko tsohuwar fanka. Akwai kuma mai naɗi biyu, faffaɗa, wanda ake kira hambaka: naɗin biyu suna kashe gunjin junansu, sautin ya fito da kauri. Shi aka fi sani a jikin Gibson Les Paul. Ga mai koyo a ɗakin da wayarin ɗinsa Allah kaɗai ya san wanda ya yi, jita mai haɗa duka biyun ta fi, siraran fikof biyu da hambaka ɗaya. Yamaha Pacifica 112 haka take, kuma akwai irin wannan tsari a wasu jitocin Squier da Ibanez masu sauƙin kuɗi.

Me ya sa ba ta katako mai rami ba?

Mutane da yawa za su ce maka ka fara da jita mai rami, wadda ba ta buƙatar wuta. Shawara ce mai ma'ana, amma ga dalilaina uku. Tsirkiyar ta lantarki ta fi siranta da laushi, don haka yatsun mai koyo ba sa shan azaba sosai, kuma ciwon yatsa shi ne abin da ya fi korar mutane a makon farko. Sannan za ka iya sa abin kunne ka yi ta fama da tsakar dare ba tare da abokin ɗakinka mai jarrabawa gobe ya ji ba. Na uku, jita mai rami siririn katako ce, hunturun Katsina na iya tsaga ta, ita kuwa ta lantarki curin katako ce mai juriya.

Ranar saye

A Katsina da wuya ka samu shagon da ya tara jitoci har ka zaɓa. Yawanci sai an shiga motar Kano zuwa Sabon Gari, inda masu sayar da kayan sauti suke, ko a yi oda daga kasuwar Alaba ta Legas. Farashi yana bin dala, abin da aka faɗa maka a farkon semesta ba shi za ka tarar a ƙarshenta ba. Shawarata ita ce ka je da ƙafarka, ko ka tura wanda ya iya kaɗawa. Ba a cinikin biri a sama. Hoton Facebook ba ya nuna lanƙwasar wuya, kuma jabun da aka manna wa sunan Fender ko Gibson sun cika kasuwa. Idan aka ce maka ga Fender ta asali a kuɗin da bai kai na wayar hannunka ba, ka yi murmushi ka wuce. Gara ƙaramin suna na gaskiya da babban suna na ƙarya. Ta hannu, wato tokumbo, ba laifi ba ce, sau da yawa ma ta fi sabuwar jabu inganci, muddin ta tsallake waɗannan gwaje-gwaje.

Fara da wuya. Ɗaga jitar ka saita idonka daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar katako a wurin kafinta. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, kuma akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa don gyara shi. Amma idan wuyan ya murɗe gefe guda kamar igiya, ajiye ta, wannan ba ya gyaruwa da sauƙi.

Sai tazarar tsirkiya. A jikin wuyan akwai 'yan sandunan ƙarfe da suka raba shi gida-gida, ana ce masu firet. Ƙirga zuwa na 12, ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen. Kada ta wuce kimanin milimita 2. Idan ta yi sama sosai za ka riƙa dannawa kamar mai tatsar lemo, idan ta yi ƙasa sosai za ta riƙa karkarwa.

A nan firet na 12 ɗin za ka gwada gaskiyar sauti. Shi ne tsakiyar tsawon tsirkiya, don haka idan ka danna wurin dole ya ba ka sautin da tsirkiyar ke bayarwa a sake, sai dai ya fi shi sama. Sauke manhajar saita sauti a wayarka tun daga gida, kyauta ce, ita za ta nuna maka. Ƙaramin kuskure ana gyara shi da sukudireba a wurin jaki, wato gadar da tsirkiyoyi suka hau.

Bayan nan ka shafa gefen wuyan da yatsa, idan bakin firet yana yanka hannu ka sani. Ka danna kowane gida a kowace tsirkiya ka ji ko akwai wanda ya mutu. Ka sa a jona ta da amfilifaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza kebul a bakin raminsa. Ƙarar "ƙaras-ƙaras" yawanci ƙura ce ko sakakkiyar waya, duk mai gyaran rediyo zai iya yi maka, amma dalili ne na neman ragi. Ka juya kunnuwan ɗaure tsirkiya ka tabbatar ba sa zamewa.

Daga ƙarshe ka zauna ka ɗora ta a cinya minti goma. Les Paul tana da nauyi, wuyan wasu kuma ya yi wa ƙaramin hannu kauri. Idan ba ta zauna maka ba a shago, ba za ta zauna maka a ɗaki ba. Idan kai bahago ne ka faɗa tun farko, akwai ta bahagwai, sai dai ba ta cika samuwa ba. Sannan ka guji jita mai gada irin ta Floyd Rose, mai makullai a kan tsirkiya. Tana da kyau a ido, amma canza tsirkiya ɗaya a kanta aikin yini ne ga mai koyo.

Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan jitar. Ka ware na kebul, da jaka, da 'yan filastik ɗin kaɗawa, da saitin tsirkiya biyu na ajiya mai lamba 9 zuwa 42, domin ranar da ɗaya ta tsinke a Katsina sai ka jira mai zuwa Kano.

Amfilifaya da maganar wuta

Nan ne yawancin shawarwarin YouTube ba su san halin da muke ciki ba. Su suna magana ne daga inda ba a ɗauke wuta. Kai kuwa babbar amfilifaya mai wat 50 za ta zame maka teburin ajiye littattafai. Nemi ƙarama mai aiki da batir. Blackstar Fly 3 wat 3 ce, batir shida take ci. Akwai Roland Micro Cube, akwai kuma Vox amPlug, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana da ake soka wa a jikin jitar a sa abin kunne. Wasu sababbin ma da kebul ɗin cajin waya ake caja su, fawabank ya ishe su. Ga ɗaki ɗaya, wat 3 zuwa 10 ya wadatar.

Idan ka sayi mai jonawa a soket, abu biyu ka kula da su, kuma wannan maganar rai ce. Na farko, juya bayanta ka karanta. Wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa 120 suke ɗauka. Idan ka jona kai tsaye, hayaƙi za ka gani, sai da tiransifoma mai rage wuta. Na biyu, tsirkiyoyin jita a haɗe suke da layin ƙasa na amfilifaya. Gidajen haya da yawa soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, don haka idan amfilifayar ta samu matsala, jikinka ne hanyar da wutar za ta bi. Idan ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizonka, cire filogi nan take ka kai wa mai gyara. Kada ka kaɗa da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi a kan siminti mai danshi. Da mai batir duk wannan fargabar babu ita.

Hunturu, bazara da damina

Katako yana numfashi. Jita ta fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 50 cikin 100, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Abin da ke tsaga mana leɓe da dunduniya shi ke tsotse wuyan jita, bakin firet ya fito, tsirkiya ta fara karkarwa. Maganin mai sauƙi ne: bayan ka gama ka mayar da ita jaka, ka sa ɗan soso mai danshi, wanda aka matse sosai, a cikin robar sabulu mai huda, ka ajiye a cikin jakar. Hakan kuma yana kare ta daga ƙurar da ke shiga maɓallai. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada ka bar ta a but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba. Ka riƙa goge tsirkiyoyi da busasshen tsumma duk bayan kiɗa, domin gumin hannu gishiri ne.

Koyo

Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Da yayyafi kogi kan cika. Kullum ka fara da saita sauti da manhajar waya. Daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya sunayensu E, A, D, G, B, E. Jitar da ba a saita ba, ko Bombino ne ya kaɗa ta ba za ta yi daɗi ba, kuma tana ɓata kunnen mai koyo. Ka yanke farcen hannun da kake dannawa da shi. Makonni biyu zuwa uku na farko kan yatsunka zai yi zafi, daga baya ya yi kanta, shi ke nan an wuce wurin.

Darussan Turawa yawanci da haɗin sauti suke farawa, wato danna tsirkiya uku ko fiye a kaɗa su tare. Ka koyi guda biyar: Em, Am, C, G da D, za su yi maka amfani. Amma ni a ganina akwai ƙofar da ta fi mana kusa. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sautuka biyar yake tafiya, haka ma kiɗan Buzaye da na marigayi Ali Farka Touré na Mali. A jita, idan ka fara daga firet na 5, sautukan su ne A, C, D, E, G. Ka haddace inda suke da yatsunka. Daga nan sai ka ɗauki wata waƙa da ta riga ta zauna maka a ka tun kana yaro, ta gaɗa ce ko ta dandali ko amshin wata waƙar Shata, ka riƙa rera ta a hankali kana laluben ta a tsirkiya ɗaya. Ranar da ta fito, wallahi sai ka ji kamar an ba ka kyauta. Wannan laluben shi ke buɗe kunne, kuma haka makaɗan gurmi da garaya suke koyo tun fil azal, babu takarda babu allo.

Bayan haka ka gwada salon maƙwabtanmu: babban yatsa yana maimaita tsirkiya mai kauri kamar ganga, manuniya tana zana waƙa a kan sirara. Ka buga ƙafa a ƙasa don riƙe lokaci, ko ka samu aboki ya riƙa yi maka tafi ko kiɗan ƙwarya. Ka fara a hankali ƙwarai. Sauri da kansa yake zuwa. Duk ƙarshen mako ka ɗauki kanka a waya. Bayan wata biyu ka saurari na farko, a nan za ka ga tafiyar da ka yi, domin kullum-kullum ba a ganin ta. Bidiyon koyo kuma ka sauke su lokacin da data ke da araha, ka zaɓi malami ɗaya ka bi shi, kada ka yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Idan kana da abokin karatu da ke kaɗawa a cocinsu, ka roƙe shi ya duba maka riƙon hannunka. Minti goma da mutum a gabanka ya fi bidiyo goma.

Mutane, lokaci da aljihu

Sai maganar da ba a so a yi. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma har yanzu akwai gidajen da idan aka ga ɗansu da abin kiɗa sai a ce ya zama maroƙi. Akwai kuma maganar addini, wadda malamai suka daɗe suna bayani a kanta. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa, ya kuma san gidan da ya fito. Abin da zan iya cewa shi ne ladabi yana rage rabin surutu. Idan an kira salla ka kashe. Idan ana karatu ko barci ka sa abin kunne. Kada ka ɓoye wa iyayenka, gara su ji daga bakinka da su ji a bakin 'yan unguwa, kuma idan ka je masu da maganar ka je da sakamakon jarrabawa mai kyau a hannu.

Kuɗin makaranta da na furojet ba kuɗin jita ba ne, ko da wasa. Ni da abin da na tara lokacin SIWES da ɗan gyaran waya da nake yi na sayi tawa, kuma sai da na yi watanni ina aron ta wani kafin nan. Kai ma ka yi haka: ka ari jita mako biyu, ko ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku. Idan bayan mako biyun hannunka yana ƙaiƙayin ɗaukarta, to ka fara tari. Idan kuwa ta koma ƙarƙashin gado, ka gode wa Allah da ba ka saya ba.

Za a tambaye ka, "To me za ka samu a ciki?" Amsata ita ce ba komai ne sai an sayar ba. Muna cikin zamanin da kowace baiwa sai an ce a mayar da ita sana'a ko a ɗora ta a TikTok. Ɗan ƙwallon yamma a filin makaranta ba ya jiran Barcelona ta kira shi, yana bugawa ne don jikinsa da ransa. Tsakanin lakca, da tes, da tunanin abin da za a ci, da fargabar hanya idan za a je gida hutu, ɗalibi yana buƙatar wani abu guda da babu mai ba shi maki a kai. Wasu sun samu nasu a ƙwallo, wasu a dara, wasu a rubutun waƙa. Idan naka a tsirkiya shida yake, ka zaɓa da idon basira, ka kiyaye wuta, ka girmama maƙwabci, sannan ka ba shi minti 15 ɗinsa kullum. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.